Ganyen netil ko saiwarsa: wanne ya dace da kumburin furosteti?

Malam, ka tambaya ko shayin ganyen netil da ka saya zai taimaki mahaifinka da fitsari ke yi wa wuya saboda kumburin furosteti, wato ƙullin naman da ke ƙasan mafitsarar namiji. A nan mutane da yawa ke kuskure: aikin ganye daban, na saiwa daban.

Netil, wato Urtica dioica, tsiro ne na ƙasashen sanyi kamar Turai, ba karara ba ne ko da yake duk suna sa ƙaiƙayi. Ganyensa yana ƙara yawan fitsari, shi ya sa ake shan sa don wanke mafitsara da rage ciwon gaɓoɓi. To dattijon da hanyar fitsarinsa ta matse, in ka ƙara masa fitsari sai ya kwana yana zarya bayan gida. Saiwar ce ake ba masu wannan lalura. A Jamus an ƙayyade giram 4 zuwa 6 na busasshiyar saiwa a rana. Ana zuba giram ɗaya da rabi a kofin ruwan sanyi, a ɗora ya tafasa minti ɗaya, a sauke a rufe minti 10, a tace, a sha sau uku a rana. Sai an yi makonni kafin a ji sauƙi. Kuma tana rage wahalar fitsari ne kawai, ba ta rage girman kumburin, don haka likita ya fara duba Baba, kada sankara ta ɓuya a bayan alamun. In fitsari ya tsaya cak ko aka ga jini, asibiti nan take.

Duba jikin kwalin da kyau, a kan rubuta ko ganye ne ko saiwa.

Ganyen kuwa, giram 2 zuwa 4 a kofin tafasasshen ruwa ya isa, tare da shan ruwa sosai. Mai kumburin ƙafa saboda ciwon zuciya ko ƙoda kada ya sha, haka mai juna biyu. Yana da bitamin K da yawa, yana iya rage ƙarfin warfarin, maganin tsinka jini. Mai shan maganin suga ko hawan jini ya riƙa aunawa, don zai iya saukar da su fiye da kima.

Wanda ya sami ɗanyensa ya sa safar hannu, ya tsinki tohon sama kafin ya yi fure. Gashinsa kamar allura yake, yana karyewa a fata ya zuba guba. Kada a sosa, a wanke da sabulu da ruwan sanyi. Dafawa ko busarwa na kashe ƙaiƙayin.

Allah ya ba Baba lafiya.