Tambayoyinku kan man shanu, ƙwai da kifin banda

Wata Hajiya mai sayen man shanu a ruga tana toyawa tana sayarwa ta ce kwastomominta sun fara gudu wai likita ya ce akwai kolestirol, wato wani nau'in maiƙo da ke iya taruwa a jijiyoyin jini, to ya za ta yi?

Hajiya gaskiya akwai, duk abin da ya fito daga jikin dabba yana da shi, nama da nono da ƙwai da kifi. Man gyada da manja kam babu ko ɗigo. Amma abin da ya fi damuna ni shi ne yadda kolestirol ɗin ke lalacewa idan ya haɗu da iska da zafi da hasken rana, sai ya rikiɗe ya koma wani abu da ya fi illa ga bangon jijiyoyin jini. A 1987 mujallar likitoci ta Lancet ta buga bincike kan man shanun da ake toyawa a Indiya, aka samu lalataccen kolestirol a ciki, alhali a ɗanyen man sabo ba a same shi ba. Kuma toyi ne irin namu. Don haka ki rage wuta, da zarar kumfa ta kwanta ruwan ya ƙone ki sauke, kar ki bari ya yi duhu yana hayaƙi. Wallahi raina yana ɓaci idan na ga kwalaben man shanu a jere kan tebur a bakin titi rana na dukansu tun safe har la'asar, man ya narke ya daskare ya sake narkewa. Ki cika kwalba har wuya ki rufe gam ki sa a inuwa, kuma ki rabu da gwangwani mai tsatsa don ƙarfe yana hanzarta lalacewar. In kin ɗanɗana kin ji maƙaƙi a maƙoshi to ya wuce, kar ki sayar wa kowa.

Wani mai kaji 500 ya ce ko akwai abincin da zai ba su ƙwan ya fito babu kolestirol.

Babu Alhaji, kar wani ya ci kuɗinka. Babban ƙwai yana da wajen miligiram 186 duk a gwaiduwa, da shi ɗan tsako ke ginuwa. Abin da ke hannunka shi ne rage lalacewar kolestirol ɗin da bitamin E, ka duba firimis ɗinka, wato haɗin bitamin na abincin kaji, bai tsufa ba, kar ka haɗa abinci da ƙuli ko garin kifi da ya fara wari, kiret ɗin ƙwai kuma ya bar rana. Mai ciwon zuciya ko suga ya bi adadin ƙwan da likitansa ya yanka masa.

Sai mai bandar tarwaɗa da ya ce kifinsa na canja wari bayan 'yan makonni. Malam man kifi ya fi kowane mai saurin lalacewa, in ya fara kuma yana jan kolestirol ɗin su lalace tare. Hayaƙin itace yana ɗan tarewa, citta da kanumfari da tafarnuwa ma suna taimakawa in ka shafa kafin ka ɗora a waya. Amma maimaita banda duk bayan kwana biyu don kifin ya yi ƙyalli, wannan ƙara masa zafi ne kawai. Ka banda daidai abin da za ka iya kaiwa kasuwa, ya huce sarai kafin ka sa a kwali.