Mun Yi Addu'a Mun Yi Azumi, Amma Maigidana Ya Rasu: Bangaskiyata Ce Ta Kasa?

Tambaya:

Baba Fasto, ina gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni gwauruwa ce mai 'ya'ya uku. Maigidana ya yi doguwar jinya. Mun yi addu'a, mun yi azumi, dattawan ikkilisiya sun zo sun shafa masa mai, amma Ubangiji ya ɗauke shi. Ba a daɗe ba kuma aikin da nake yi ya tsaya. Wata 'yar'uwa ta ce mini da bangaskiyata ta cika da bai mutu ba. Wani kuma ya ce in binciki kaina, wataƙila akwai ɓoyayyen zunubi a gidanmu. Yanzu in na durƙusa ba na iya furta komai sai kuka, wani lokaci har haushin Allah nake ji. Baba, na fāɗi ne daga bangaskiya? Mene ne kuma wannan jimirin da kowa ke ce mini in yi?

Amsa:

'Yata, sannu da wannan babban rashi. Allah na dukan ta'aziyya ya riƙe ki, ke da yaran. Ba ki fāɗi ba. Wanda ya bar bangaskiya ba ya kwana yana tunanin ko ya bar ta, ba ya kuma durƙusawa ya yi kuka a gaban Allahn da ya daina gaskatawa.

Maganar ɓoyayyen zunubi tsohuwa ce, ta girme mu duka. Da ita Elifaz da Bildad da Zofar suka je wa Ayuba, mutumin da ya rasa tumaki 7,000 da raƙuma 3,000 da 'ya'yansa goma a rana ɗaya, daga baya kuma miyagun marurai suka rufe shi daga tafin ƙafa har ka. Abokan nan sun fara da kyau. Kwana bakwai suna zaune a ƙasa tare da shi, ba wanda ya ce uffan. Buɗe bakin da suka yi ne ya ɓata ta'aziyyar. Lissafinsu shi ne: Allah mai adalci ne, ba ya hukunta marar laifi, kai kuwa ga ka cikin masifa, ashe akwai abin da ka aikata. Da suka rasa laifin da za su nuna, sai Elifaz ya ƙago masa a sura 22, wai ya hana mai ƙishi ruwa, ya kori gwauraye hannu wofi. Alhali tun a sura ta farko Allah da kansa ya shaidi Ayuba cewa babu kamarsa a duniya wajen gaskiya da tsoron Allah.

Ki karanta Ayuba 42:7 a hankali. Allah ya ce ya husata da Elifaz da abokansa biyu domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Wane Ayuba? Wanda ya la'anci ranar haihuwarsa a sura 3, wanda ya ce kiban Maɗaukaki sun soke shi, wanda ya ce da ya san inda zai sami Allah da ya kai ƙararsa har gaban kursiyinsa. Shi ne aka ce ya yi daidai, masu kāre Allah da lissafin ƙarya kuwa sai da Ayuba ya yi musu addu'a kafin aka karɓe su.

Yesu ma ya rufe wannan ƙofa. Da almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho suka tambaya ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba (Yahaya 9). A Luka 13 ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa musu, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Ban ce zunubi ba ya jawo wahala ba. Yana jawowa, muna gani kullum. Amma in Allah zai tsauta wa ɗansa a kan zunubi, yakan ambaci zunubin. Annabi Natan bai bar Dawuda yana lalube ba, ya ce masa kai ne mutumin. In akwai abin da kika sani, ki furta shi, alkawarin gafara yana nan a 1 Yahaya 1:9. In kuwa kin duba ba ki ga komai ba sai wani zargi marar suna da wani ya ɗora miki, ki ajiye shi. Ruhu Mai Tsarki ba ya wasan ɓuya da mai makoki.

Sai batun cewa bangaskiyarki ba ta cika ba. Wannan ya fi ba ni haushi, domin an ɗauki gawar mijinki an ɗora a wuyanki. Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane ta hannunsa, ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa. Ba a cire ba, an ce masa alherina ya ishe ka (2 Korantiyawa 12). Shi ne kuma ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas yana rashin lafiya. A sura guda, Ayyukan Manzanni 12, Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, Bitrus kuwa mala'ika ya fitar da shi daga kurkuku. Ikkilisiya ɗaya ce, manzanni biyu ne na Ubangiji ɗaya. Wa zai ce Yakubu ne mai ƙarancin bangaskiya? Ibraniyawa 11 da muke son karantawa, yawancinmu mukan tsaya inda aka rufe bakin zakuna aka kashe ƙarfin wuta. Ki ci gaba daga aya 35: an jejjefe waɗansu, an tsaga waɗansu da zarto, waɗansu sun yi yawo saye da fatun tumaki da na awaki. Dukansu an yi musu shaida saboda bangaskiyarsu, waɗanda aka kuɓutar da waɗanda ba a kuɓutar ba. A kan duka kuma ga Getsamani, inda Ɗan Allah ya roƙa sau uku a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya kuma sha shi.

Kiran dattawa da shafa mai da kuka yi daidai ne, abin da Yakubu 5:14 ya umarta ke nan. Sai dai addu'a roƙo ce ta ɗa ga ubansa, ba ciniki ba ce. Koyarwar da ta mai da bangaskiya kamar kuɗin da ake sayen warkarwa da shi tana da wata mugun dabara: in an warke, mai wa'azi ya sha yabo, in an mutu, masu makoki su sha zargi. Shi dai ba ya taɓa yin asara.

Haushin da kike ji fa? Littafi Mai Tsarki ya ba shi wuri fiye da yadda waƙoƙinmu na sujada suka ba shi. Cikin Zabura 150, kusan kashi ɗaya bisa uku kuka ne da kai ƙara. A Zabura 13 Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu a jere. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare da duhu, babu wani juyi zuwa yabo a ƙarshenta, duk da haka Allah ya bar ta cikin littafin addu'ar jama'arsa. A kan gicciye Yesu bai ɗauko zaburar nasara ba, ya ɗauko farkon Zabura 22, ya Allahna, don me ka yashe ni. Bambancin da ya kamata ki lura da shi ɗaya ne. Isra'ilawa a jeji sun yi gunaguni a kan Allah, a tsakaninsu, suna shirin komawa Masar. Ayuba da Dawuda kuwa sun kai kukansu wurin Allah, sun faɗa masa a fuska. Na farko juya baya ne, na biyu addu'a ce. Durƙusawar nan da kike yi ba kalmomi, Romawa 8:26 ta san da ita: ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su furtuwa.

Daga nan za ki ga abin da jimiri yake. Mutane da yawa in sun ce ki jimre, nufinsu ki share hawaye ki daina tayar musu da hankali. Yakubu kuwa da zai ba da misalin jimiri (5:11), Ayuba ya ɗauko, mai kukan nan, mai gardamar nan. Abin da Ayuba bai yi ba shi ne abin da matarsa ta ce ya yi, wato ya zagi Allah ya mutu. Ya yi ta magana da Allah har Allah ya amsa. Jimiri shi ne ƙin tashi daga gaban Allah, ko da ba ki fahimci abin da yake yi ba, ko da zuciyarki ba ta jin komai. Da taron mutane suka watse suka bar Yesu, ya tambayi almajiransa sha biyun ko su ma za su tafi, Bitrus bai ce mun gane komai ba. Cewa ya yi, Ubangiji, wurin wa za mu je?

Za a karanta miki Romawa 8:28, in ma ba a riga an karanta ba. Ayar gaskiya ce, amma ba ta ce mutuwar mijinki abu ne mai kyau ba. Bulus ya kira mutuwa maƙiyiya, Yesu kuma ya yi hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi. Ayar ta ce Allah yana aiki cikin kome domin amfanin masu ƙaunarsa, yaushe za a ga amfanin kuwa ba ta faɗa ba. An sayar da Yusufu yana da shekara 17, bai tsaya gaban Fir'auna ba sai yana da 30, maganar nan tasa kuma cewa kun nufe ni da mugunta amma Allah ya nufe shi da alheri, sai bayan rasuwar mahaifinsu ya yi ta. Ayuba ma har littafin ya ƙare ba a gaya masa dalilin wahalarsa ba. Saboda haka ni ma ba zan ƙago miki dalili ba. Haka kuma masu cewa Allah ba ya ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa, su duba 2 Korantiyawa 1:8, inda Bulus ya ce an nawaita musu fiye da ƙarfinsu har suka fid da zuciya da rai. Abin da aka alkawarta mana shi ne ba zai bar mu ba, matattu cikin Almasihu kuma za su tashi. Shi ya sa 1 Tasalonikawa 4:13 ba ta hana baƙin ciki ba, ta hana irin na marasa bege ne kawai.

Ki kula da jikinki. Da Iliya ya gudu daga Yezebel ya zauna a gindin itace ya roƙi mutuwa, Allah bai yi masa wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya sāke kwanciya, aka sāke ciyar da shi, sannan aka yi magana (1 Sarakuna 19). In barci ya ƙaurace miki makonni, ko abinci ya ƙi shiga, ko kin fara jin gara ki bi mijinki kabari, ki gaya wa wanda kika amince da shi a ranar, ki kuma ga likita. Wannan ba ya rage komai daga bangaskiyarki.

Addu'a kuwa, kada ki tilasta wa kanki dogon tsari. Ki buɗe Zabura 13 ko 42 ki karanta da murya, ki bar kalmomin su zama naki. In wannan ma ya gagara, Addu'ar Ubangiji ta isa. Ki je sujada ko ba za ki iya raira waƙa ba, waɗansu za su raira a madadinki. Kada kuma ki ɓoye wa yaran hawayenki gaba ɗaya; in suka ga uwarsu tana kuka tana kuma kiran sunan Yesu, sun koyi abin da makarantar Lahadi ba za ta iya koya musu ba.

Batun aikin da ya tsaya, ki kai shi gaban dattawa a fili, ba da kunya ba. Lura da gwauraye hakkin ikkilisiya ne tun farkonta. Saboda shi aka zaɓi mutum bakwai a Ayyukan Manzanni 6, har da Istifanas, Yakubu 1:27 kuma ta sa kula da marayu da gwauraye cikin ma'anar sahihiyar ibada. Ki faɗa musu ainihin abin da ake bukata, na makarantar yara ne ko na neman wani aiki, domin mutane sukan so taimako amma su rasa ta ina za su fara. Waɗancan biyun da suka yi miki maganar nan, ba dole ne ki yi gardama da su ba, ba dole ne kuma ki sāke zama ki saurare su ba. In suka ci gaba, ki sanar da fastonki ko wata dattijuwa a zumuntar mata su yi musu magana, domin gobe wata gwauruwar za su je su faɗa wa.