Ga ƙanina mai shirin tahowa Kolombas

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso, Allah Ya sanya albarka a gurbin da ka samu a Jami'ar Jihar Ohayo. Ka ce ka leƙa zauren ɗaliban ka tarar ana ta cacar baki kan alƙalan wasa da jerin gwanaye, har kana tambaya ko dole ne ka san ƙwallon Amurka, kai da ka tashi a gidan kallo wajen Arsenal.

Ba dole ba ne, amma ka koya. Mutanen nan ba su da saurin sakin jiki da baƙo, sai dai in an taɓo wannan musu. A nan farfesa da mai shara suke zama ɗaya.

Ga abin da zai ishe ka. Ƙungiya tana da dama huɗu ta ciyar da ƙwallo gaba yadi goma, in ta kasa ta miƙa wa abokan karawa. To a 2016, a filinmu da ke cin mutum sama da 100,000, mun kara da babbar abokiyar hamayyarmu, Jami'ar Mishigan, har ƙarin lokaci na biyu. A dama ta huɗu mai jefa mana ƙwallo, J.T. Barrett, ya ruga da ita aka kayar da shi daidai kan layin da ake bukatar ya kai. Alƙalai suka ce ya kai, muka ci 30 da 27. Kocinsu Jim Harbaugh ya yi ta bambami har aka ci tarar jami'arsu dala 10,000. Har gobe ɗan Mishigan zai rantse maka bai kai ba. Mu kuma namu tabon na 2019 ne da Jami'ar Clemson, inda aka kori ɗan wasanmu Shaun Wade bisa dokar kai hari da kwalkwali a kan abokin karawa, sannan aka soke mana maki bayan duba faifai, muka faɗi 29 da 23. Ni dai a ganina sokewar nan zalunci ce, amma ka san ba a tambayar mai gona ko biri ya yi ɓarna.

Maganar jeri ta fi wannan zafi. Ka saba da tebur: nasara maki uku, magana ta ƙare. A nan manyan jami'o'i sun haura 130, yawancinsu ba sa haɗuwa da juna, don haka mutane ne ke zama su ce wane ya fi wane. 'Yan jarida suna kaɗa ƙuri'a duk mako tun 1936, daga 2014 kuma wani kwamiti ke zaɓar masu shiga gasar ƙarshe. A 2023 Jami'ar Jihar Fulorida ta ci wasanninta 13 duka, kwamiti ya ajiye ta ya ɗauki Alabama da aka doke sau ɗaya, wai don mai jefa mata ƙwallo, Jordan Travis, ya karye. Shekarar da ta biyo aka faɗaɗa gurabe daga 4 zuwa 12, musun bai ragu ba. 'Yan wasa ma tun suna sakandare ake liƙa musu taurari, biyar ce ƙololuwa. Saboda haka cire ranka daga batun shiga ƙungiya don samun tallafin karatu.

Wasa ranar Asabar ake yi, daga ƙarshen Agusta. Za a gayyace ka gashin nama a wurin ajiye motoci kafin a fara. Ka je, amma ka tambayi abin da ke kan wuta, don alade da giya sun yi yawa. Naman halal ba wuya a Kolombas, 'yan Somaliya sun cika gari.

In za ka sayi rigar sanyi ka nemi ja ko ruwan toka. Shuɗi da ɗorawa launin Mishigan ne, kuma a makon wasansu, ƙarshen Nuwamba, har harafin M ɗalibai ke bi suna rufewa a allunan jami'a. Ka gaida Hajiya, ka turo min ranar saukarka.