Amsa ga mai neman dutsen da zai kai yara a wajen gari

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce kun hau Dala da Goron Dutse har yara sun ƙoshi da su, kana neman ɗan dutse a karkara da za ku je ku dawo a yini guda. Ni dai Fanisau zan nuna maka, a ƙaramar hukumar Ungogo, can bayan filin jirgin sama. Ko ɗan sahu ka yi shata zai kai ku.

Sai dai ka cire Dala daga ranka. Babu matakalar siminti da za ta kai ka har sama, duwatsu ne jibge a kan juna, wani wurin sai ka haɗa da hannu. Zuwana na farko a watan Afrilu ne, bayan azahar, da silifas a ƙafata. Wallahi dutsen nan kamar tanda, ko dafa shi ba ka iyawa. Rabi muka yi muka sauko, silifas ɗaya ya tsinke.

Da muka koma, sai muka fara zuwa gaida mai unguwa muka faɗi abin da ya kawo mu. Wannan gaisuwar ita ce rabin tafiyar. Ya haɗa mu da wani yaro, shi ya bi da mu ta inda ba santsi, ya kuma kauce da mu daga wani kogo da zuma ta yi gida. Da mu kaɗai ne, ta nan za mu bi, don ya fi kama da hanya. Ka ba yaron nan na goro mai kauri, ya ci kuɗinsa.

In ka isa sama ka dubi arewa, za ka gane dalilin da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi mulki daga 1819 zuwa 1846, ya mai da garin ribaɗi, wato sansanin tsaro, lokacin yaƙinsa da Ɗan Tunku, wanda ya kafa masarautar Kazaure: mai tahowa ba ya ɓuya. A can ma wani Bature matafiyi ɗan Birtaniya mai suna Clapperton ya je ya same shi a 1824. Yarana kam jirage masu sauka suka fi burge su, tarihin ni kaɗai nake ta yi.

Lokaci kuwa, ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, da sassafe. Ruwa ya ɗauke, dawa ta nuna, hazo bai sauko ba. In hunturu ya kankama, wahalar banza ce, ba abin da za ku hango. Ranar Hawan Fanisau da Babbar Sallah ma ka bar ta, sai in dawakai kuka je kallo.

Ruwan sha ya fi yadda kake zato, takalmi mai kama ƙasa, kuma kada yaro ya zura hannu a tsaguwar dutse saboda kunama. Wajen saukowa ka shiga gaba, ƙananan su biyo ka a zaune, don a nan ne autata ta goge gwiwa.