Amsar Yaya Injiniya kan farantin da zafi ke kashe wa murya

Salamu alaikum jama'ar guruf. Ƙanena na Akoka, na saurari saƙonka. Ka ce da ka ƙara zafi a lissafin ƙanƙanin farantin nan naka na gaurayen seramik da ƙarfe, firikwensi, wato saurin girgizarsa, sai ya yi ta sauka, kana zargin kod ɗinka na manhajar lissafi ta MATLAB ya lalace. Kod ɗinka lafiyarsa ƙalau. Abin da kake son sani shi ne ko za ka iya kare zanen sakamakon nan gaban malamai, to saurara.

Ka taɓa tsayawa wajen mahautan Oko-Oba a Agege ana musu kiɗan kalangu? Makaɗi ya matse tsarkiya a hammata, fata ta ɗame, murya ta hau. Ya saki, ta sauko. Shi ke nan fa. In ka ɗaure farantinka gefe huɗu, zafi ya zo yana so ya buɗe, babu wurin zuwa, sai ya dinga danne kansa daga ciki. Wannan dannewar ita ce sakin hammatar. 

Abu biyu ne suke cin firikwensin, kada ka haɗe su. Ɗaya wannan dannewar. Ɗayan kuma shi kansa ƙarfen yana laushi in ya ji wuta, taurinsa na raguwa. In ka bar taurin a lamba ɗaya tun daga digiri 300 na Kelvin, wato kusan zafin ɗaki, har sama, ka yi wa kanka rangwame ne, layin firikwensinka zai hau sama da na gaskiya.

Kuma ka tuna me ya sa aka ƙirƙiro gaurayen kayan nan. 'Yan Japan ne a 1984, suna neman fatar jirgin sararin samaniya da za ta jure zafin 2000 na Kelvin a waje, da bambancin 1000 tsakanin waje da ciki, a kaurin da bai kai milimita 10 ba. In ka manna seramik kan ƙarfe kai tsaye, wurin haɗin yake tsagewa. Sai suka ce a gauraya a hankali, seramik yana raguwa ƙarfe yana ƙaruwa. Kai ka ɗauki alumina a matsayin seramik, alminiyam a matsayin ƙarfe, ko? Taurin alumina 380 ne a ma'aunin gigafaskal, alminiyam 70. Wajen buɗewa da zafi kuwa alminiyam ya ninka alumina kusan sau uku. Shi ya sa in ka ɗaga n, lambar da ke tsara gaurayen, ƙarfe ya yi yawa, firikwensi ya faɗi, zafi kuma ya fi cinsa.

Ka ci gaba da ƙara zafin, za ka ga firikwensi ya nufi sifili. Nan ne farantin zai lanƙwashe. A'a, tsaya, wannan in gefen a ɗaure yake tamau ke nan. In ɗora shi kawai ka yi yana iya juyawa a gefen, tunda sama da ƙasa ba sa buɗewa daidai, tun daga farkon zafin zai fara gantsarewa, ba za ka sami sifilin nan mai tsabta ba. Ka duba wane irin ɗaurin gefe ka saka, ba ka faɗa ba.

Yanzu abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Na ga ka saka 17.6 maikron a ma'aunin ƙanƙanta, wato lambar da ke nuna yadda ƙanƙantar abu ke ƙara masa tauri. Daga ina? Na san daga ina, kowa kwafa yake. An ciro lambar nan ne daga gwajin da wani mai bincike, Lam, da abokan aikinsa suka yi a 2003, a kan siraran sandunan epoxy. Epoxy fa, roba! Ina ruwan alumina da ita? Ni wani mai duba aiki ya taɓa mayar mini da takarda wai sai na saka ta, na ce ba kayana ba ne, ya ce haka kowa ke yi. Har yau abin na raina. Ka'idar Yang ta 2002, wadda ake amfani da ma'aunin a cikinta, ba ta ce ga lamba ɗaya ta kowa ba, kowane kaya da tasa. Kai dai ka yi amfani da rabon ma'aunin da kauri, daga sifili zuwa ɗaya, ka nuna yadda farantin ke ƙara tauri in ya sirance, firikwensi ya hau. Kuma in wani ya kawo maka wata ka'idar ta ƙanƙanta, ta Eringen, ya ce firikwensinsa sauka yake, kada ku yi faɗa, ita dama laushi take bayarwa.

Sai batun tsakiyar farantin da ba ta miƙewa ba ta tsukewa in ya lanƙwasa, ba a rabin kauri take ba, ta karkata wajen seramik, amma wannan sai mun zauna da takarda. Caji na ya kusa ƙarewa, tun asuba babu wuta a unguwarmu. Turo mini yadda ka ɗaure gefen, zan duba bayan isha'i.