Amsa ga mai laptop ɗin da fanka ke ta ihu

Wa alaikumus salam Malam. Na ga tambayarka, ka ce laptop ɗinka ta yi nauyi, fanka na ta ihu ko ba ka buɗe komi ba, kana haɗa hotspot data ta tsiyaye, kuma ka ga wasu baƙin sunaye a Task Manager ka yi masu End task amma kana kashewa ka kunna sai su dawo. Wasu sun ce ka kai a yi format kawai. Gyaran kwamfuta shi ne sana'ata nan Gusau, kuma don Allah ka dakata da format tukuna, na sha ganin ɗalibai sun rasa project ɗinsu a kan abin da bai kai ya kawo ba.

End task kamar yanke kan ciyawa ne ka bar saiwa cikin ƙasa, shi ya sa suke dawowa. Inda abin yake zaune za ka nema. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, in Task Manager ta buɗe ka danna kan CPU don mai cin ƙarfi ya hau sama, ka yi hakanan ga Network. Wanda ba ka yarda da shi ba ka danna mai hannun dama na mouse ka zaɓi Open file location. Nan gaskiya take fitowa. Misali svchost, wani shirin Windows da za ka gani cikin jerin, na gaske cikin C:\Windows\System32 yake, kuma ko ka gan su sun yi yawa kar ka tsorata, haka Windows take aiki. Amma in ya kai ka cikin AppData ko Temp, ko ka lura an rubuta scvhost ko svch0st da sifili, to wanga ɓarawo ne ya sa rigar mai gida. Wani ma wayau gare shi, kana buɗe Task Manager sai fanka ta yi shiru kana rufewa ta ci gaba, irin wanga galibi masu haƙo kuɗin kirifto ne da injinka da wutarka.

Kar ka taɓa lsass da csrss, na Windows ne da kanta, kashe su na iya sa kwamfuta ta mutu ko ta sake tashi da kanta. Antimalware Service Executable kuma Defender ne da kanshi, antibairos ɗin da ke zuwa da Windows, ba ƙwayar cuta ba ce duk da yakan ci ƙarfi wani lokaci.

Daga nan ka shiga Startup cikin Task Manager ɗin, jerin abubuwan da ke tashi tare da kwamfuta, duk wanda ba ka sani ba kuma babu sunan kamfanin da ya yi shi ka yi mai Disable. Sai ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta appwiz.cpl, manhajojin da anka sa ma kwamfutar za su fito, ka jera su bisa kwanan wata, ka tuna yaushe matsalar ta fara, ka duba mi anka sa a ranakkun nan. Su driver updater, su PC cleaner, wani burauza da ba kai ka sa ba, duk ka cire. Wallahi waɗanga masu cewa za su ƙara ma kwamfuta gudu su ne sunka fi kashe ta. Chrome ma ka leƙa Extensions da Notifications, tallan nan mai faɗowa ta gefe yana cewa an kama virus mafi yawa daga nan yake, wani shafi anka danna ma Allow.

Sai wanki. Buɗe Windows Security ka zaɓi Microsoft Defender Offline scan, kwamfutar za ta kashe kanta ta yi bincike kafin Windows ta tashi, lokacin ƙwayar ba ta samu ta ɓoye ba. Ka tabbata akwai caji ko ka jona ta, kar wuta ta yanke maka a tsakiya. Bayan nan ka ɗauko AdwCleaner, manhajar goge shirye-shiryen talla, daga shafin Malwarebytes na asali, kyauta ne kuma ba ya da nauyi. Wanda ya ƙi gogewa ka shiga Safe Mode, inda Windows ke tashi da abubuwan dole kawai, ka goge shi can. In har yanzu yana dawowa to ya ɓoye cikin Task Scheduler, inda Windows ke ajiye ayyukan da ke kunna kansu, Autoruns na Microsoft zai nuna maka shi. Antibairos biyu ko ukku lokaci guda kuma ba ƙarin tsaro ba ne, faɗa suke da juna injin ya ƙara nauyi.

Abin da ya fi damuna shi ne ta inda abin ke shigowa, don in ba a toshe nan ba sati guda za ka dawo. Na farko filash. An kai shagon buga takardu an dawo, ka buɗe ka ga duk fayil sun koma shortcut, kana dannawa ka kunna ƙwayar da hannunka. Fayilolinka na nan an ɓoye su ne kawai, ka buɗe cmd (tagar rubuta ma Windows umarni) ka shiga filash ɗin ta harafinshi, umarnin attrib -h -r -s /s /d na fito da su, sai ka goge shortcut ɗin. Na biyu kirak, wato manhajar kuɗi da anka fasa, Office ko CorelDraw ko wasan ƙwallo na kyauta da za a ce sai ka kashe Defender kafin ka sa. Duk abin da ya ce ka kashe mai gadi kafin ya shigo ai ya gaya maka ko shi wane ne.

Batun data kuwa ba dole ƙwaya ce ba, Windows Update ma na sha, ka mai da hotspot ɗinka Metered connection don Windows ta rage shan data. Kuma ka duba wace Windows gare ka, Microsoft ta daina tallafa ma Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuma 14 ga Oktoba 2025.

In binciken ya kamo wani abu, ka canza kalmar sirrin imel da Facebook da ta banki daga wayarka ba daga laptop ɗin ba. In duk ka yi wanga bai bari ba sannan a kwashe fayil a yi format. Ka ɗauko muna hoton Task Manager da wurin da fayil ɗin ya kai ka ka turo nan, in sha Allahu zan duba in na tashi shago.