Fara da Samanja in Kaduna kake nema

Ɗan'uwa, ka tambayi wasan da zai nuna maka Kaduna. Ni dai Samanja Mazan Fama zan ce ka fara nema, na marigayi Usman Baba Pategi wanda ya rasu a 2023. Tsohon soja ne, shi ya sa rayuwar bariki ta fito sak a wasan: Hausar sojoji gauraye da Turancin buroka, irin wadda har gobe ake ji a kasuwar Kawo. Muna yara a Tudun Wada, tsakar gidan maƙwabcinmu muke cika, a zauna kan tabarma, ana jiran NTA Kaduna ta sako shi.

Ka haɗa da Karambana na marigayi Kasimu Yero. Hoton ya tsufa, amma wallahi ka daure ka kalla.